Wace siga ya kamata mu tsayar wajen gina ƙunshin manhajarmu?

Laminu, unguwar Zariya, Maradi

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ina da tambaya game da sigar Python da Node.js da Java da ya kamata mu riƙa gina manhajarmu da ita, wadda ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a, maimakon in ci gaba da lalube ni kaɗai.

Mu huɗu ne muke aiki tare a wani ɗan buro a nan Maradi. Mun rubuta manhajar lissafin kaya da bashi wadda ƴan kasuwar hatsi da masu shagunan magani suke amfani da ita, kuma a yanzu tana kan kwamfutoci goma sha bakwai, wasu a cikin gari, wasu a Tibiri da Madarunfa da Tasawa. Gangar jikin manhajar da harshen Python da Django (tsarin rubuta manhaja da ke kan Python) muka rubuta ta, fuskar da mai shago yake gani kuma da Node.js muke harhaɗa ta, sannan akwai ƙaramar manhajar Android wadda yaran shago suke shigar da adadin buhuna da ita lokacin lodi. Akwai kuma wani ɗan guntu da aka rubuta da harshen C, wanda shi ne yake magana da na'urar buga rasit.

Abin da ya faru shi ne, na sake wa kwamfutata babbar manhaja, na ɗora Ubuntu 24.04, wadda take zuwa da Python 3.12. A kanta na gina sabon ƙunshi, na gwada na ga komai yana tafiya daidai, na zuba a filashi, na hau mota zuwa Tasawa domin in ɗora wa wani dattijo mai sito. Kwamfutarsa Ubuntu 22.04 ce, Python ɗinta kuma 3.10. Da na gama ɗorawa sai manhajar ta ƙi tashi, ta ce ba ta sami guntun rasit ba, alhali fayil ɗin yana nan a mazauninsa, ina kallonsa da idona. Sai da na ɓata kusan awa guda kafin na lura cewa a cikin sunan fayil ɗin akwai cpython-312, alamar cewa na Python 3.12 ne, wato Python 3.10 ba ta ma ɗauke shi a matsayin nata ba. Dattijon bai ce mini komai ba. Ya sa aka kawo mini shayi, ya ciro tsohon littafinsa da biro ya koma rubuta buhunan wake da hannu, motar kaya tana jira a ƙofa. Na daɗe ban ji nauyin wani mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba.

Da na dawo gida na ce bari in kashe maganar gaba ɗaya, sai na yi amfani da PyInstaller na ƙunshe manhajar tare da Python 3.12 ɗin kanta, don kada ta nemi komai a kwamfutar mai shago. Da aka gwada a can, sai wani saƙon ya fito, yana cewa ba a sami GLIBC_2.38 ba.

Yanzu kanmu ya rabu a buro. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu riƙa gini da sabuwar siga kullum, domin ita ce ta fi sauri kuma ita ake gyarawa. Wani ya ce mu koma mafi tsufa mu zauna a kanta. Na ukun ya ce kowa ya gina da abin da ke kwamfutarsa, in matsala ta taso a gyara. Tambayata ita ce, da wane ma'auni ake zaɓar sigar da za a tsayar, wadda za a ɗauka duk lokacin da ba a ambaci wata ba? Shin ma'auni ɗaya ne zai yi wa Python da Node.js da Java, ko kowace da nata? Kuma yaushe ne ya kamata a ɗaga ta zuwa gaba?

Malam Sanusi, Ali Ɗan Sofo

Wa alaikumus salam, Laminu. Sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri bisa haƙurinsa. Kurakuran nan biyu da ka gani sun yi kama da juna, amma kowanne da dalilinsa, kuma idan ka fahimce su ka sami rabin amsarka.

Zan fara da na biyun. Glibc shi ne laburaren C da kusan kowace manhaja a Linux, dangin da Ubuntu da Debian suke ciki, take jingina da shi, kuma masu kula da shi suna maƙala wa ayyukan da ke cikinsa lambar siga, sannan idan sun fitar da sabo ba sa zubar da tsofaffin lambobin. Saboda haka abin da aka gina a kan tsohon glibc yana tashi a kan sabo, amma abin da aka gina a kan sabo yana iya neman lambar da tsohon bai taɓa sani ba. Ubuntu 22.04 tana da glibc 2.35, Debian 12 tana da 2.36, Ubuntu 24.04 kuma 2.39. Kai ka yi gini a kan 2.39, ƙunshinka ya kama wani aiki mai lamba 2.38, ka kai shi gidan da aka tsaya a 2.35. PyInstaller yana tattara Python da kayanta, amma yana barin glibc, domin yana sa ran samunsa a kwamfutar da za a sauka. Wannan ne ya sa masu rarraba ƙunshin Python ga duniya suke gini a cikin tsofaffin tsare-tsare da gangan: manylinux2014 a kan CentOS 7 aka kafa shi, mai glibc 2.17, na bayansa kuma, manylinux_2_28, a kan AlmaLinux 8. A wannan fanni dai da tsohuwar zuma ake magani.

Na farkon kuwa bai bi wannan ƙa'ida ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Guntun C da aka gina wa Python 3.12 ba ya aiki a 3.10, wanda aka gina wa 3.10 ma ba ya aiki a 3.12, domin kowace siga da nata tsarin ciki. Hanya biyu ce gare ku: ko ku gina guntun sau ɗaya ga kowace sigar da kuke tallafawa, ko ku taƙaita shi ga abin da ake kira abi3, wato ɓangaren tsarin Python da ba ya sauyawa daga siga zuwa siga, wanda da shi fayil ɗaya da aka gina wa 3.10 zai yi aiki a kanta da waɗanda suka biyo bayanta. Tun da naku ɗan ƙarami ne, aikinsa kawai tura rubutu zuwa na'urar rasit, ina kyautata zaton abi3 zai ishe ku.

Akwai kuskure na uku da bai same ka ba tukuna, amma yana nan tafe muddin kana rubutu a kan 3.12 kana kai wa masu 3.10. Daga Python 3.12 an halatta maimaita irin alamar zance ɗaya a cikin f-string (hanyar saka ƙima a cikin rubutu a Python), abin da a 3.11 da 3.10 yake jawo SyntaxError nan take. Mutum zai rubuta layin ba tare da ya san ya yi amfani da sabon abu ba, gwajinsa ya wuce lafiya a kwamfutarsa, sai an je shago sannan asiri ya tonu. Haka laburaren tomllib, wanda sai a 3.11 ya shigo.

Game da ma'aunin da ka tambaya, ina so ku raba abu biyu da kuka cakuɗa a muhawararku, wato sigar da aka tsayar da kuma sigogin da ake tallafawa. Dubi yadda Debian take yi idan sabuwar Python ta fito. Ba ta mayar da ita tsayayya a rana ɗaya. Da farko takan shigar da ita cikin waɗanda ake tallafawa, a sake gina duk ƙunshin da ke da guntun C domin sigogin biyu, a tattara abin da ya karye a gyara, sai bayan an ga ƙura ta lafa sannan a juya tsayayyar zuwa sabuwar, daga ƙarshe a cire tsohuwar. Idan ka buga py3versions -d a Debian zai nuna maka tsayayyar, py3versions -s kuma ya nuna waɗanda ake tallafawa. Mutanen da ke kula da dubban ƙunshi ba su yarda su yi tsalle ɗaya ba, to ina ga ku huɗu?

Shawarata ita ce ku ɗauki takarda ku ƙidaya kwamfutocin nan goma sha bakwai, kowace da babbar manhajarta da sigar Python ɗinta. Mafi tsufa a cikinsu wadda har yanzu ake yi wa facin tsaro, ita ce ma'auninku. Bisa abin da ka faɗa, Ubuntu 22.04 ce da Python 3.10. Ku kafa kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin gini a cikin kwamfuta, ta wannan sigar, a cikinta kaɗai za a riƙa gina abin da zai fita zuwa hannun mutane, kuma kada a sake kai wa kowa ƙunshin da aka gina a kwamfutar wani daga cikinku, ko da kuwa tawa ce aka ba ku aro.

Gargaɗi ɗaya kafin in rufe, domin na san wani a buronku zai kawo shawarar. Kada ku juya /usr/bin/python3 na kwamfutar mai shago zuwa wata sigar da update-alternatives. Kayan aikin Ubuntu kanta sun dogara da wadda ta zo da ita, kuma da kun juya za ku fara ganin ana cewa ba a sami apt_pkg ba, ku wayi gari da matsala biyu a maimakon ɗaya.

Hadiza, Sabon Gari

Malam Sanusi, na gode da wannan bayani, musamman batun abi3, wanda ni kaina sai yau na fahimci inda ya bambanta da batun glibc. Amma da izininka zan ƙara wani abu, kuma zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya.

Laminu, ka tambaya ko ma'auni ɗaya zai yi wa injunan uku, wato Python da Node.js da Java. Ba zai yi ba, kuma dalilin yana cikin bayaninka. Abin dubawa shi ne wane inji ne yake bin ƙunshin har shagon mai saye, wane ne kuma aikinsa yake ƙarewa a buro. Python tana zuwa Tasawa, don haka kwamfutar Tasawa tana da ta cewa a kanta. Node.js kuwa ba ta fita ƙofarku, tana harhaɗa fuskar manhajar ne kawai ta fitar da fayilolin da burauza za ta karanta, saboda haka babu dalilin da zai sa ku ɗaure ta da tsufar kwamfutar wani. Hasali ma wadda ke cikin rumbun Ubuntu 22.04 ita ce Node.js 12, wadda kayan harhaɗawa na yanzu suka daɗe da barinta a baya. Tsarin da Node.js ta daɗe tana bi shi ne sigogi masu lamba cika, irin su 18, 20, 22 da 24, su ne suke zama masu dogon tallafi a watan Oktoba na shekarar fitowarsu, a riƙe su kimanin wata 30. Ku ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan da ke da sauran kwana, misali 22 wadda za a riƙe har Afrilun 2027, ku rubuta lambar a fayil ɗin .nvmrc da kuma sashen engines na package.json, sannan a riƙa amfani da npm ci wajen gini domin a bi abin da ke cikin fayil ɗin kulle sau da ƙafa.

Ko a nan ma kada ku ɗauka ranar ƙarshe ba ta motsi. Node.js 16 an yanke mata kwana, aka rufe ta ranar 11 ga Satumba 2023, watanni kafin lokacin da aka tsara da farko, saboda laburaren tsaro na OpenSSL 1.1.1 da ta dogara da shi ya kai ƙarshensa a ranar. Kuma waɗanda suka ɗaga daga 16 zuwa 18 da tsohon kayan harhaɗawa na webpack 4 sun ci karo da ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED, domin OpenSSL 3 ya rufe wata tsohuwar hanyar lissafi da webpack ɗin yake amfani da ita. Ni da kaina na kwana biyu a kan wannan kuskure a wani aiki da na gada.

Java tana tsakiyar biyun. JDK ɗin, wato kayan aikin Java, da ke tafiyar da Gradle, kayan ginin Android, daban, sigar da ake nufa da kod ɗin daban. Android Gradle Plugin 8 yana buƙatar JDK 17, don haka a wannan ɓangare an riga an zaɓar muku mafi ƙarancin abin da za ku tsayar, ku dai rubuta shi a cikin Gradle don kada ya ɗauki duk wanda ya tarar a kwamfuta. Idan kuma wata rana kuka rubuta manhajar Java da za ta zauna a kwamfutar mai shago, ku tuna kowace siga tana buga hatiminta a fayil ɗin da ta fitar: 52 na Java 8, 55 na 11, 61 na 17, 65 na 21. Tsohon inji idan ya ga hatimin da ya fi nasa sai ya ce UnsupportedClassVersionError. Maganinsa shi ne --release, wanda ya shigo tun JDK 9, kuma ya fi -source da -target aminci, domin shi yana hana ka kiran aikin da babu shi a tsohuwar sigar.

Inda na saɓa wa Malam shi ne zaman Python 3.10. Zuma ba ta da ranar lalacewa, amma siga tana da ita. Masu Python suna fitar da sabuwa kowane Oktoba, su riƙe ta shekara biyar, kuma wa'adin 3.10 yana cika a Oktoban 2026. Gaskiya ne Ubuntu za ta ci gaba da yi wa tata faci har 2027, amma injin kawai take gyarawa da abin da ke rumbunta, ba ta da alhakin abin da kuka sauko da shi ta pip, kayan sauko da laburarorin Python. Laburarori kuwa ba sa jira. NumPy 2.3 ta riga ta bar 3.10, Django 6.0 kuma sai 3.12 zuwa sama. Abin da ya fi damuna shi ne pip ba ya yin ƙara idan haka ta faru, yakan ɗauko maka tsohuwar fitowa da ta dace da injinka ya yi shiru, kai kuma kana zaton kana kan sabuwa. Da ni ce, zan tsayar da 3.12 tun yanzu, in bi kwamfutocin nan in ɗaga su zuwa Ubuntu 24.04, a huta da magana har tsawon shekaru. Idan kuma hakan ba zai yiwu ba, to aƙalla a rubuta ranar da za a bar 3.10 tun ranar da aka tsayar da ita.

Laminu, unguwar Zariya, Maradi

Malam Sanusi da Yaya Hadiza, Allah ya ƙara ilimi. Jiya na bi shawarar Malam, muka yi ta kiran waya har muka ƙidaya kwamfutocin duka, sai ga abin da ban zata ba. Tara suna kan Ubuntu 22.04, huɗu a Debian 12 mai Python 3.11, biyu a Ubuntu 24.04, sannan akwai biyu a Madarunfa da har yanzu suke kan Ubuntu 20.04 da Python 3.8. Waɗannan biyun tun da aka ɗora musu manhajar ba a sake taɓa su ba, tsohon zubinmu na Django 4.2 ne a kansu, kuma masu su ba su taɓa kawo ƙara ba. Mu kuma sabon aikinmu a kan Django 5.2 yake. To idan mafi tsufa ce ma'auni, shin sai mu sauko zuwa 3.8 saboda su? Ko kuwa mu bi Yaya Hadiza mu ɗaga kowa gaba ɗaya?

Mamman Sani, Tasawa

Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Tasawa, ba na rubuta manhaja, amma ni ake kira idan abin da aka rubuta ya ƙi aiki, don haka ina roƙon a ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga wannan gefen.

Malama Hadiza, maganarki gaskiya ce a kan takarda, sai dai ɗaga kwamfuta goma sha uku ko sha biyar ba aikin mako guda ba ne a wurinmu. Fayil ɗin ɗora Ubuntu 24.04 kusan giga 6 ne, kuma wanda ya ce zai ɗaga ta intanet daga 20.04 dole ya ratsa ta 22.04 tukuna, wato saukewa biyu ke nan a kan rezon da yake zuwa yana ɗaukewa, da megar da mai shago ne zai biya. Na taɓa fara irin wannan aiki a wani shagon magani bayan azahar, ana tsakiyar ɗora sababbin ƙunshi kuran ya ɗauke, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo baƙin allo kawai muka tarar, sai da na cire faifan na haɗa da tawa na kwashe lissafinsu, sannan na sake ɗorawa daga farko, mai shagon yana tsaye a kaina yana tambaya ko bashin da yake bin mutane yana nan. Tun daga ranar na daina ɗagawa a kan tsohuwa. Nakan kwashe bayanai, in goge, in ɗora sabuwa daga filashi, kuma ba na farawa sai akwai janareta ko batirin sola a kusa.

Sannan a duba lokaci. Ranakun da kuke ambata na cikar wa'adi a Oktoba suke faɗowa, a nan kuwa Oktoba kaka ce, lokacin da gero da wake da gyaɗa suke shigowa, kuma babu mai sito da zai ba ka kwamfutarsa ko da na rabin yini. Wanda yake son taɓa kwamfutar ɗan kasuwar hatsi ya neme shi bayan kasuwa ta lafa, kafin ruwa ya sauka hanyoyin ƙauye su ɓaci.

Roƙona ga su Laminu shi ne, kowace siga kuka tsayar, ku sa duk abin da manhajar take buƙata a cikin filashin. Idan kun yi pip download, ku yi shi a cikin kwantenar da Malam ya ambata, domin yana sauko da abin da ya dace da Python ɗin da ke gudanar da shi ne, sannan mu a nan mu ɗora da --no-index da --find-links ba tare da neman rezo ba. Ku kuma sa manhajar ta zauna a cikin venv nata, wato keɓaɓɓen mazaunin laburarorinta na Python, domin Debian 12 da Ubuntu 24.04 suna ƙin pip a wajen venv, suna fitar da saƙon externally-managed-environment, kuma na ga masu gyara da dama suna tilasta shi da ƙarfi suna ɓata tsarin kwamfutar.

Malam Sanusi, Ali Ɗan Sofo

Mamman Sani, madalla da ka shigo, domin abin da ka faɗa game da kaka babu wanda zai same shi a cikin jadawalin wata siga. Hadiza kuma, na karɓi gyaranki a kan rubuta ranar tashi, ya kamata in faɗe shi tun farko ban faɗa ba.

Laminu, kada ku sauko zuwa 3.8. Ka tuna sharaɗin da na gindaya, mafi tsufa wadda har yanzu ake yi wa facin tsaro. Wa'adin Python 3.8 ya cika a Oktoban 2024, tallafin yau da kullum na Ubuntu 20.04 ya ƙare a 2025, Django 4.2 ma Afrilun 2026 ne iyakarta, Django 5.2 kuwa ba ta tashi a ƙasa da 3.10. Idan kuka sauko domin kwamfuta biyu, kun ja sauran goma sha biyar zuwa inda babu mai gyara. Rashin kawo ƙara daga masu su bai nuna suna cikin aminci ba, lissafin dukiyar mutane ne a ciki. Su ne na farko da za a goge a sake ɗorawa, kuma tun da za a sha wahalar tafiyar, a kai su 24.04 kai tsaye, ko Debian 13 mai Python 3.13 idan ƙarfinsu bai kai ba, domin ana iya ɗora mata fuska marar nauyi irin Xfce.

Sa'ar da kuka yi ita ce Django 5.2 mai dogon tallafi ce, za a riƙe ta har Afrilun 2028, kuma tana aiki a kan 3.10 da 3.11 da 3.12 da 3.13, wato ta rufe duk abin da ke cikin takardarku. Saboda haka kuna da sararin yin abin da Hadiza take so, amma da takun da Mamman Sani ya nuna. Ku tsayar da 3.10 yanzu, ku rubuta requires-python a pyproject.toml cewa daga 3.10 zuwa sama, ku sa irin wannan sharaɗi a sashen Depends na ƙunshin .deb, ta yadda idan an kai shi inda bai dace ba zai ƙi ɗoruwa tun farko ya faɗi dalili, maimakon ya ɗoru ya ƙi tashi mota tana jira a ƙofa. Kwantenar kuma a kira ta da cikakkiyar lambarta, kada a rubuta latest, domin ma'anar latest tana sauyawa ba tare da an sanar da ku ba.

Duk lokacin da kuka yi gini, ku gudanar da gwajinku a kan 3.11 da 3.12 da 3.13 ma, ko da ba da su za ku gina abin rabawa ba, kuma ku kunna gargaɗin DeprecationWarning ya zama kuskure a lokacin gwaji. An cire laburarorin distutils da imp a 3.12, an cire cgi a 3.13, kuma dukansu an yi shekaru ana gargaɗi kafin a cire, waɗanda abin ya zo wa ba zato su ne waɗanda ba sa karanta gargaɗin. Idan kuna yin haka, ranar da za ku juya zuwa siga ta gaba ba za ta wuce sauya lamba a wurare biyu ko uku ba.

Ku ɗora wa mutum ɗaya a cikinku alhakin wannan takarda ta kwamfutoci, ya riƙa sabunta ta duk lokacin da aka je wani shago, kuma ranar da ta ƙarshe mai 22.04 ta tashi, ko kuma wa'adin da kuka rubuta ya cika, duk wanda ya riga zuwa, sai a ɗaga tsayayyar. Ni dai zan so wa'adin ya kasance kafin tallafin 22.04 ya ƙare a 2027, kuma ya faɗo a wajen kaka. Idan Allah ya kai mu Asabar ina gida bayan la'asar, ka zo da kod ɗin guntun rasit ɗin mu duba tare ko zai shiga abi3 ba tare da an sake rubuta shi ba.